Ɗakin Shan Rana A Bakin Teku: Rana Muka Rasa Ko Inuwa?

Shekara uku ke nan da wani ƙanena, ma'aikacin banki da ke zaune a Legas, ya bugo mini waya da daddare yana dariya. Ya ce, "Yaya, ku da kuka ce kun karanci harshe har kun ƙure shi, yau ga jarrabawa. Zan ƙara wani ɗaki a jikin gidana na Lekki, bangonsa gilashi, rufinsa gilashi, irin wanda na gani a gidan wani abokina a Ingila. Me ake kiransa da Hausa?" Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na ce masa, "Idan aka fassara sunan da Turawa suka ba shi, ɗakin shan rana ke nan. Sai dai tunda nake, ban taɓa jin Bahaushen da ya kashe kuɗinsa domin ya sha rana ba." Muka yi dariya, muka yi sallama. Shi kuwa bai fasa ba.

A hutun da ya wuce na kai masa ziyara, na ce a nuna mini ɗakin. Sai da aka nemo makulli, domin babu mai zama a cikinsa. Abin da na tarar shi ne igiyar shanya da tsofaffin kwalaye da bokiti biyu da aka tara wa yoyo. Kowace ƙusa ta zubo da jan hawaye a kan farin fenti, firam ɗin alminiyam ya yi ɗigo-ɗigo kamar mai zanen agana, funfuna ta yi baƙi a kusurwoyi, ga kuma tsaga tun daga sama har ƙasa a daidai inda sabon gini ya haɗu da tsohon. Kuɗin da ya zuba, in ji shi, ya isa ya tayar da ɗaki biyu da falo a garinmu. Da yake ba shi kaɗai ne ɗan Arewa da aiki ko kasuwanci ya kai Legas ko Fatakwal ko Kalaba ba, kuma ba shi kaɗai ne ke ganin abu a Turai ya yi sha'awarsa ba, na ga ya dace mu tattauna wannan al'amari da masu karatu.

Bari in fara da fannina. Masana harshe sun daɗe da lura cewa kalmomin al'umma madubi ne na bukatunta. Dubi yadda Hausa ta wadata da sunayen wuraren fakewa: rumfa da zaure da shigifa da soro da baranda da gindin bishiya. Dubi kuma darajar da ta ba inuwa. Muna raɗa wa yaro suna Inuwa. Muna cewa jama'a sun taru a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Idan mutum biyu suka ɓata, sai mu ce ba sa shan inuwa ɗaya. Rana kuwa, wanda aka yashe shi ake cewa an bar shi a rana, wanda ya wahala shi ne ya sha rana. Iyakar abin da muke da shi shi ne shan hantsi, shi ma a lokacin hunturu kawai, kuma tabarma ta ishe shi, ba a gina masa ɗaki. Saboda haka rashin sunan wannan ɗaki a Hausa ba talaucin harshe ba ne, shaida ce cewa ba mu taɓa bukatarsa ba.

To, su wa suka bukace shi? Mutanen da rana ta yi wa rowa. Birnin Landan yana nesa da tsakiyar duniya da digiri 51 da ɗoriya, a tsakiyar watan Disamba wuninsa ba ya cika sa'a 8, ranar ma tana can ƙasa-ƙasa ba ta da ƙarfi. Tun a ƙarni na 17 sarakuna da attajiran Turai suka riƙa gina ɗakuna masu manyan tagogi domin su ɓoye bishiyoyin lemo daga sanyi; na fadar Versailles da ke Faransa an kammala shi a 1686. Sunan da Ingilishi ke kiran irin wannan ɗaki da shi ma daga kalmar Latin mai ma'anar "adanawa" ya samo asali, wato wurin adana tsirrai, tun kafin mutane su shigar da kujeru su fara shan shayi a ciki. Da aka soke harajin gilashi a Birtaniya a 1845, aka kuma soke harajin taga a 1851, sai gilashi ya yi araha, masu matsakaicin hali su ma suka shiga yayi.

Mai karatu, ga inda abin mamakin yake. Tsakanin 1844 da 1848 aka gina wani katafaren gidan gilashi a lambun Kew da ke Landan, bisa tsarin Decimus Burton da Richard Turner. Manufarsa ita ce a ƙirƙiro zafi da laima irin na ƙasashenmu, domin bishiyoyin kwakwa da danginsu su rayu a Ingila. Ma'ana, Bature ya yi gidan gilashi ne domin ya kawo yanayi irin na Legas cikin Landan. Mu kuma sai muka ɗauko shi muka kai Legas ɗin kanta. Wannan ai kai wa mai rijiya tallan ruwa ne. Bugu da ƙari, laimar da aka tara a cikin ginin na Kew ta cinye ƙarfensa, har ta kai tsakanin 1984 da 1988 sai da aka kwance shi aka sake ɗaurawa. Idan laimar da aka ƙirƙira ta yi haka a Landan, ina ga ta ainihi, wadda gishirin teku ke rakiya?

Matsala ta farko ita ce zafi. Legas tana digiri 6 da rabi ne kacal daga tsakiyar duniya, saboda haka da tsakar rana, rani da damina, rana kusan a tsakar ka take. Gilashi yana barin haske ya shiga, daɓe da kujeru su sha, su mayar da shi zafi, iska kuma ba ta da hanyar fitar da shi. Duk wanda ya taɓa barin motarsa a rana da tagogi a rufe ya san sauran labarin. Mu ɗan yi lissafi. Idan sama ta washe, kowace murabba'in mita tana karɓar kusan wat 1,000 na ƙarfin rana da tsakar rana. Ɗaki mai mita 4 faɗi da mita 5 tsawo yana da rufi mai murabba'in mita 20, kuma gilashi na gama-gari yana barin kusan kashi 80 cikin 100 ya wuce. Kilowat 16 ke nan. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa, kimanin kilowat 3 da rabi take iya kwashewa. Ko an yi rangwame saboda gajimare da hazo, na'ura ɗaya ko biyu ba za su iya wannan kokawa ba. Ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin A daga Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni a Afrilun 2024, sanyin na'ura ya zama abin da ake yi da lissafi.

Matsala ta biyu ita ce gishiri, kuma ita ce ɗan Arewa bai saba da ita ba. A Kano ko Sakkwato, kwanon rufi yakan yi shekaru aru-aru bai huje ba, saboda iskarmu busasshiya ce. A bakin teku kuwa, duk igiyar ruwan da ta fashe tana watsa ƙananan ɗigo masu gishiri, iskar kudu maso yamma kuma ta kwaso su ta shafa wa gidaje. Gishirin yana jawo laima, ya riƙe ta a jikin ƙarfe, tsatsa ta samu wurin zama. Hatta farin ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, suna ya tara: mai lamba 304, wanda ake yin kayan kicin da shi, yana yin tabo a bakin teku, mai lamba 316, wanda aka ƙara wa sinadarin molibdenam, shi ne ke jurewa. Akwai kuma wani sirri da magina da yawa ba su damu da shi ba: idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, alal misali noti na wani ƙarfe a jikin alminiyam, ruwan gishiri kuma ya shiga tsakaninsu, sai su zama tamkar batir, ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Haka nan idan aka kwaɓa kankare da yashin teku wanda ba a wanke ba, rodin da ke ciki zai yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki.

Ta uku ita ce laima da ruwan sama. Laimar iskar Legas takan haura kashi 80 cikin 100 a mafi yawan watanni. Idan aka kunna na'ura gilashi ya yi sanyi, sai raɓa ta kwanta a bayansa kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji; idan aka kashe aka rufe ɗakin, sai funfuna ta kama labule da kujeru. Ruwan sama kuwa, musamman na Yuni da Yuli, da iska yake tafe, yana bugun bango a kaikaice, kuma babu inda yake nema kamar mahaɗar sabon rufi da tsohon bango. Ta huɗu ita ce ƙasa. Yankin Lekki yashi ne da fadama, wani wurin ma cike shi aka yi, ruwa kuma yana kusa. Tsohon gini ya riga ya zauna, sabo kuwa yanzu zai fara nutsawa, kuma idan aka ɗaure su tamau ba a bar musu wurin motsi ba, dole su rabu da ƙarfi. Tsagar da na gani a gidan ƙanena ke nan.

Wani zai ce, ai a jihar Fulorida ta Amurka akwai zafi da laima da teku, kuma akwai irin wannan ɗaki, har ma da sunan jihar ake kiransa. Gaskiya ne, amma a lura da abu biyu. Na farko, na asalin yana da rufi mai tare rana, bangonsa kuma raga ce da tagogi masu falle-fallen gilashi da ake karkatawa, irin waɗanda muka taso muka gani a makarantu da gidajen ma'aikata. Ɗakin shan iska ne, ba na shan rana ba. Na biyu, bayan guguwar Andrew ta Agustan 1992 ta ragargaza kudancin jihar, sai aka tsaurara dokar gini, har ya zama a yankin Miami ana jarraba gilashi ta hanyar harba masa katako mai nauyin kusan kilo 4 a gudun da ya haura kilomita 50 a sa'a kafin a amince da shi. Irin waccan guguwa ba ta zuwa gaɓarmu, amma iskar farkon damina da ke yaye kwano ba baƙuwa ba ce a Legas, kuma falle ɗaya na gilashi da ya faɗo daga sama ya isa ya jawo makoki.

To, mene ne abin yi ga wanda ke son wurin hutawa mai haske a gidansa na bakin teku? Da tsohuwar zuma ake magani. Tsofaffin gidajen tsibirin Ikko da 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil suka gina a ƙarni na 19 suna da dogayen tagogi da rufi mai tsawo. Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka tsara gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun yi bango mai huda-huda da dogayen baranda, domin inuwa ta samu, iska kuma ta ratsa. Ita kanta kalmar baranda matafiyiya ce: Ingilishi daga Indiya ya ɗauko ta, tana kuma da 'yar'uwa a harshen Fotugal.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa ita ce kamar haka. Rufi ya zama mai tare rana, da silin da abin hana zafi a ƙarƙashinsa, bakinsa kuma ya zarce bango da mita ɗaya ko fiye. A guji fuskantar da gilashi ga yamma, domin ranar la'asar a kaikaice take shigowa, bakin rufi ba ya tare ta; kudu ko arewa sun fi. A buɗe tagogi a ɓangarori biyu masu kallon juna, a sa ragar sauro ta roba, a rataya fanka. Gilashin ya zama mai leda a tsakiya, wanda ko ya fashe ba ya tarwatsewa. Ƙusoshi da notuna da hinji su zama masu lamba 316, a raba su da alminiyam da 'yar roba, a kuma riƙa wanke firam da ruwan daɗi a kai a kai. A ɗaga daɓe sama da inda ambaliya ke kaiwa, a bar mahaɗar motsi tsakanin tsohon gini da sabo. Kafin duk wannan, a kira injiniya mai rajista ya duba ƙasa, a kuma nemi izinin hukumar tsara gine-gine, domin ƙari ma gini ne a idon doka. Araha ba ta ado, rigakafi kuma ya fi magani.

Ba ina cewa aro laifi ba ne. Harshen da ba ya aro matacce ne, haka ma al'adar gini. Amma Hausa idan ta ari kalma sai ta lanƙwasa ta daidai bakinta: tebur da bokiti duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Abin da muke yi wa kalma shi ya kamata mu yi wa gini, mu tambayi abin da ya haife shi a can, sannan mu duba ko muna da wannan lalura a nan.

Kafin in baro Legas, ƙanena ya kira magini, sun yi magana a kan cire rufin gilashin a sa na kwano da silin, a kuma buɗe bango biyu. Da yake raka ni tasha ya ce, "Yaya, to yanzu in an gama me zan kira shi?" Na ce masa, "Wannan ba sai ka bugo wa malamin jami'a waya ba. Kakarmu ma ta san sunansa. Rumfa."