Ilmin Taswira Ga Yaran Karaye Da Rogo

Bismillahi. Maganarmu ta yau a kan taswira ce, da lambobin da a ke gane matsayin gari da su a bisa doron ƙasa. Waɗansu iyaye suna ɗaukar wannan karatu kayan boko ne zalla, ba ruwan almajiri da shi. To, ba haka ba ne.

Ku sani Musulmi sun daɗe a wannan fage. Alhawarizmi ya tattara lambobin wurare fiye da 2,000 a littafinsa Suratul Ardi, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun. Albiruni ya wallafa littafi a shekara ta 1025 domin ya fid da alƙiblar birnin Gazna da hisabi. Idrisi kuwa ya gama taswirarsa ta duniya a 1154, ya sa kudu a sama, arewa a ƙasa. Ba ma sai an je nesa ba: a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature Kilafatan taswirar ƙasashen nan a Sakkwato, aka kai ta Ingila aka buga.

Abin da sauƙi in an bi shi a hankali. Malam ya sami ƙwarya biyu ya kife su baki da baki, ya ce wa yara wannan ita ce duniya. Inda bakunan suka haɗu shi ne layin tsakiya, daga nan a ke ƙidaya daraja zuwa arewa ko kudu, har 90. Sa'an nan ya ja layuka daga bisa zuwa ƙasa kamar ɓarin lemo, su ne na gabas da yamma, waɗanda aka yarda a 1884 a fara ƙidayarsu daga Girinic ta Ingila. Kowace daraja an kasa ta 60, ana kiran kowane kashi minti. Daraja ɗaya ta kudu da arewa tafiyar kilomita 111 ce, kusan mil 69.

Karaye tana wajen daraja 11 da minti 47 arewa, daraja 8 gabas. Rogo tana kudu maso yamma da ita, ba ta cika daraja 8 ba. Birnin Kano yana daraja 12 arewa, 8 da rabi gabas. Makka kuwa daraja 21 da minti 25 arewa, kusan 40 gabas.

Yaro mai lura zai tsai da malam nan take, ya ce ashe Makka ta fi mu arewa. Gaskiyarsa. Mun saba cewa mun fuskanci gabas, amma in aka yi hisabi, alƙiblar Karaye da Rogo ta karkata daga gabas sosai zuwa arewa da wajen daraja 22. Ba ƙaramar karkata ba ce ga mai aza harsashin masallaci. Wanda ya ke so ya gwada, ba sai da na'ura ba. Ran 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ran 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsaye bisa kan Ka'aba. A kafa sanda a miƙe a fili, inuwarta za ta kwanta ta ba alƙibla baya daidai. A bar yara su ja layin da hannunsu, ba su mantawa.

Sai zancen lokaci. Rana takan ci daraja ɗaya cikin minti huɗu na agogo. Tun da Karaye ta fi Kano yamma da rabin daraja, rana takan faɗi mata bayan Kano da wajen minti biyu, Rogo kuwa kusan uku. Saboda haka mai azumi a Rogo da ya ji kiran sallar Kano a rediyo ya kai dabino baki, ya yi gaggawa. Fatake sun san wannan a jikinsu, ko ba su san dalili ba: wanda ya sauka Maiduguri yakan ga magariba ta riski shi tun agogonsa na cewa da sauran wajen minti 20.

Ga attajirai ma akwai riba. Yau wayar hannu tana nuna waɗannan lambobi, kuma da su masu awon fili su ke rubuta kusurwoyin gona a takarda. Mai saye da bai iya karanta su ba, sai abin da aka gaya masa. Ɗansa in ya koya, ya tsaya a kan iyaka ya gwada lambar waya da ta takarda kafin a biya kuɗi.

A ganina kada a fara wa yaro da taswirar duniya. A fara da tsangayarsa a zane bisa yashi, ga masallaci, ga rijiya, ga hanyar kasuwa, arewa a sama. Daga nan a miƙa masa takarda ya nemo madatsar ruwa ta Challawa da aka gama a 1992 a ƙasar Karaye, ya bi kogin da yatsa zuwa gabas har inda ya gamu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. In ya kai nan bai ɓata ba, sai a nuna masa Bahar Maliya.