Zaɓen Firamwok ga Mai Sauya Harshen Kwamfuta a Yankin Gaya

Matasan gabashin Kano da suka koyi rubuta manhaja, ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, sukan saba da harshen kwamfuta guda, har ranar da wani aiki zai tilasta musu komawa wanda ba su sani ba. A nan ne batun firamwok ke tasowa, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta domin ayyukan da kowane shafin intanet ke buƙata, kamar rajistar masu shiga, da adana bayanai a rumbu, da toshe ƙofofin kutse. Mai amfani da shi tamkar magini ne da ya tarar an kafa harsashi, sai dai dole ginin nasa ya bi layin da aka shata.

Firamwok iri biyu ne. Akwai cikakku, irin su Django na harshen Python, wanda aka ƙirƙira a wani gidan jarida a jihar Kansas ta Amurka aka fitar a 2005, da Laravel na PHP wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011. Akwai kuma ƙanana, irin su Flask da Express, dukansu na 2010, waɗanda ke bar wa mai aiki zaɓen kusan komai. Baƙo a harshe yakan karkata ga ƙaramin saboda ya fi saurin fahimta a ranar farko, alhali sauƙin nan na ɗan lokaci ne, domin kuwa shi zai nemo wa kansa laburaren rumbun bayanai da na kalmar sirri, wato guntayen kod da ake haɗawa daga waje, kuma bai kai ga bambance nagari da wanda masu shi suka yi watsi da shi ba. Django kuwa yana zuwa da shafin gudanarwa a shirye, ta yadda wanda aka ba aikin rajistar ɗaliban wata makarantar Islamiyya, ko lissafin ƙungiyar manoman gyaɗa, zai iya nuna wa masu aikin abin da za su gani da idonsu tun bai gama ƙwarewa a Python ba.

Ga mai zaune a Balan, a yankin Gaya da Ajingi, akwai ma'aunan da littattafan ƙasashen waje ba su cika ambata ba. Wutar lantarki ba ta da tabbas, data kuma da kuɗi ake saye, don haka firamwok da ake iya sauke littafin bayaninsa gaba ɗaya a karanta ba tare da intanet ba, kamar yadda Django ya tanadar, ya fi wanda kowace tambaya sai an nemi bidiyo. Sannan ga kuɗin hayar saba, wato kwamfutar da shafi ke zama a kanta: haya mafi araha an tsara ta ne musamman domin PHP, abin da ya sa mai barin wannan harshe ya kamata ya fara tambayar inda sabon aikin zai zauna da abin da mai shi zai riƙa biya duk shekara. Wajibi ne kuma a gwada haruffan ɓ da ɗ da ƙ a cikin rumbun bayanai tun farko, kafin sunayen mutane su rikiɗe su koma alamar tambaya.

Ma'auni mafi nauyi shi ne wanda zai gaji aikin, domin matashin da ya gina shafin yana iya tafiya bautar ƙasa ko ya koma birnin Kano, kuma manhajar da aka rubuta da firamwok da ba a san shi ba a Wudil ko Gaya takan mutu da tafiyarsa. Saboda haka abin da ya dace da mai sauya harshe shi ne ya ba harshen kansa wasu makonni tukuna, sa'an nan ya ɗauki cikakken firamwok ɗin da ya fi yawan masu amfani a cikinsa.