Kisan Sarki Cikin Taku Biyu: Me Ya Sa Gajeriyar Hanya Ke Ɓuya?

Wasan ces, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, ana yin sa ne a kan allo mai gidaje 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. Manufarsa ita ce a ritsa sarkin abokin karawa har ya rasa mafita, wato a kashe shi. Daga wannan wasa aka tsiro da wani fanni na wasa ƙwaƙwalwa, inda ake jera 'ya'ya a allo a ce: fari ne da taku, ya kashe sarki cikin taku biyu, ko uku. Mai karatu zai zaci duk wadda ta fi gajarta ita ta fi sauƙi. Sau da yawa ba haka abin yake ba.

Bari mu fara da lissafi. A tsakiyar wasa, ɗan wasa yakan sami kimanin taku 30 da doka ta yarda masa. Kisa cikin taku biyu na nufin fari ya taka, baƙi ya mayar, fari ya kashe, wato 30 sau 30 sau 30, hanyoyi 27,000 ke nan. Ga kwamfuta wannan ba komai ba ne, kafin ƙiftawar ido ta bi su duka. Amma ɗan Adam ba haka yake tunani ba. Adriaan de Groot, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Holand, ya nuna a 1946 cewa gwanayen ces ba su fi matsakaitan 'yan wasa yawan takun da suke aunawa ba. Fifikonsu shi ne, da sun dubi allo sai su gane fasalin da suka saba gani, nan take taku mai kyau ya faɗo musu a rai.

To, wannan baiwa ita ce masu tsara matsalolin ke ɗana wa tarko. A wasa na sosai, mai neman kisa yakan kai wa sarki hari ko ya cinye wani ɗa. Amma bisa al'adar masu tsarawa, takun farko ba kasafai yake zama hari ko ci ba. Yakan zama taku ne na ruwan sanyi, kamar a janye sarauniya can nesa da fagen fama. Wani lokaci ma ba ya razana kowa, sai dai tun da doka ta tilasta wa baƙi ya taka, duk inda ya motsa sai ya buɗe wa kansa ƙofar halaka. Sam Loyd na Amurka, wanda ya rayu daga 1841 zuwa 1911, ya yi suna wajen irin wannan yaudara.

A 2008, Merim Bilalić da Peter McLeod da Fernand Gobet suka gwada lamarin a Ingila. Suka ba ƙwararrun 'yan wasa matsala mai amsa biyu, suka ce a nemo wadda ta fi gajarta. Ɗaya sananniya ce mai taku biyar, inda ake sadaukar da sarauniya, doki ya kashe sarkin da 'ya'yansa suka toshe wa hanya a kusurwa. Ɗayar mai taku uku ce, amma ba a saba da ita ba. Da yawansu suka ga ta biyar, suka kasa ganin ta uku. Da aka sauya allon kaɗan yadda sananniyar ba za ta yiwu ba, sai ga 'yan wasa masu ƙarfi irin nasu suna gano gajeriyar.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin halittu shi ne na'urar bin motsin ido da aka yi amfani da ita. Idon mutum ba ya ganin komai tangaran sai abin da hotonsa ya faɗa wani ɗan ƙaramin gurbi a tsakiyar tantanin gani, shi ya sa yake tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau uku ko huɗu a daƙiƙa. 'Yan wasan sun ce suna neman wata amsa dabam, alhali idanunsu na ta komawa gidajen da suka shafi amsar farko, ba tare da sun sani ba. Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma ga shi nan ya ɗaure masani.

Wannan ya shafi fiye da ces. Ɗalibin da ya leƙa madubin likita da tabbacin abin da zai gani, ko ma'aikacin lafiyar da ya yanke cewa duk zazzaɓi na cizon sauro ne, haɗarin da ke gabansu ke nan. Masu warware matsalolin ces suna da dabarar da ya kamata mu ara: kafin su taɓa farin ɗa, sukan fara duba gidajen da sarkin baƙi zai iya tserewa, su tambayi aikin kowane ɗa a allon, sa'an nan su gwada takun da tun farko suka raina.