Majaujawa a Maimakon Hasumiyar Tace Itanol

A shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kebbi ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin NNPC domin samar da itanol daga amfanin gona, wato sinadarin nan da ake gaurayawa da fetur. Manomin rake ko rogo a Maruda da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo yana iya zaton da an tsima amfanin gonarsa aiki ya ƙare. A nan ne ma wahalar take farawa.

Mu masu nazarin halittu mun san iyakar ƙwayoyin yis. Suna cin sukari suna fitar da itanol, amma da zarar ya kai wajen kashi 15 cikin 100, sai ya soma kashe su. Mafi yawan abin da ya saura ruwa ne, mota kuwa ba ta tafiya da ruwa. Abin da ya taimake mu shi ne itanol yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai a 100, saboda haka tururin gaurayen ya fi ruwansa yawan itanol.

Tafasa ɗaya ba ta isa. Shi ya sa ake gina hasumiya mai tsawo, irin waɗanda matafiyi yake hangowa a matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980. Tururi yana hawa, ruwa yana gangarowa ta cikin ragar ƙarfe, duk inda suka haɗu itanol yana ƙaura daga ruwan zuwa tururin. Saurin wannan ƙaura shi ne ma'aunin ingancin na'ura. Matsalar ita ce nauyinsa kaɗai ke saukar da ruwan, a hankali kuma da kauri.

Wani injiniya na kamfanin ICI a Ingila, Colin Ramshaw, shi da abokin aikinsa suka sami shaidar mallakar wata dabara a 1981. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsu da majaujawa zai gane ta. Ana naɗe ragar kamar gammo a juya ta ɗaruruwan sau a minti ɗaya, a zuba ruwan a tsakiya. Juyin yana wurga shi waje da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau ɗari ko fiye, sai ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo da siraran shimfiɗu, tururi kuma a turo shi daga gefe zuwa tsakiya. Rabuwar da take cin kusan rabin mita a hasumiya, a nan santimita kaɗan ta ishe ta. Na'urar da za ta shiga ɗaki guda sai ta yi aikin doguwar hasumiya.

Amma kada mai karatu ya ruɗu. Tururin yakan bi juyin ragar, don haka ribar ta fi yawa a ɓangaren ruwa. Masana a ƙasar Sin sun sake fasalinta da faifai biyu, ɗaya yana juyi ɗaya yana tsaye. Haka kuma ba ta ƙetare kashi 96 cikin 100, iyakar da tafasa take kai itanol, sai an bi da wani matakin busarwa.

A ganina babban cikas a wajenmu shi ne lantarki. Hasumiya ba ta da abin da ke juyi a cikinta, ita kuwa wannan da wuta ta ɗauke rabuwa ta tsaya, ga kuma gyaran sandar juyi da makanta, wanda ke bukatar ƙwararren makaniki a kusa.