Romo Ɗaya, Mahaɗi Uku: Yadda Matan Japan Ke Ciyad da Iyali

'Yan'uwana mata, yau za mu leƙa madafin wata ƙasa mai nisa can gabashin duniya, watau Japan. Ƙasa ce ta tsibirai, teku ya kewaye ta, yawancinta kuwa duwatsu ne, filin noma kaɗan ne. Saboda haka tun kaka da kakanni abincinsu shinkafa ne da kifi da waken suya da ganyaye. Amma ku ji irin dabarar da suka yi da 'yan abubuwan nan.

Shinkafa ita ce uwar abinci a wurinsu. Kalmar gohan tana nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci duka, kamar yadda mu kan ce a zo a ci tuwo. Fara sol su ke dafa ta, ba mai, ba gishiri. Sai dai ba a cinta ita kaɗai. Suna da wani tsari da su ke kira ichiju sansai, watau romo ɗaya, mahaɗi uku. Kowane mutum a kan ajiye masa ƙaramin kwanon shinkafa a hagu, na romo a dama, sa'an nan 'yan farantai uku: ɗaya gasasshen kifi, ɗaya dafaffen kabewa ko dankali, ɗaya ganye ko awara. Kowanne ɗan kaɗan ne, a kan ɗauka da 'yan sanduna biyu. Abin da ke cikin farantan kuma yana bin lokaci, tohon gora da bazara, sabuwar shinkafa da kaka.

Romon nan ba shi da wuyar yi. A kan jiƙa busasshiyar ciyawar teku a ruwa, a ɗora a wuta, a zuba kankararren busasshen kifi, a tace. Daga nan sai a dama miso a ciki. Miso kuwa ɗan'uwan daddawarmu ne: waken suya ne a ke dafawa, a kirɓa da gishiri da wani abin ruɓarwa mai suna koji, a rufe watanni, wani har ya shekara. Uwargida ba ta barinsa ya yi ta tafasa, don kada ƙanshin ya gudu.

To, me ya sa mahaɗan nan su ke da muhimmanci? Mutanen Japan da rayukansu suka sayi wannan darasi. A da, farar shinkafa da aka surfe tas abincin masu hali ce. Da ta yawaita a birane da barikokin soja, sai mutane suka shiga cika ciki da ita zalla. Nan da nan ciwon beriberi ya bazu. Ƙafafu su kumbura, su mutu, zuciya ta raunana, mutum ya rasu ga shi kuwa kullum a ƙoshe ya ke.

A 1883 wani jirgin sojan ruwa mai suna Ryujo ya komo daga tafiyar wata tara. Cikin mutum 376, ciwon ya kama 169, har 25 suka mutu. Wani likitan sojan ruwa, Takaki Kanehiro, wanda ya yi karatu a Ingila, ya ce laifin abinci ne. A 1884 aka aika da jirgin Tsukuba ya bi hanya ɗaya, amma aka ƙara wa mutanensa nama da kifi da madara da ganyaye. Mutum 14 kaɗai suka kamu, ba wanda ya mutu. Bayan haka aka riƙa gauraya wa sojan ruwa shinkafa da sha'ir, ciwon ya ɓace daga cikinsu. Daga baya masana suka gane abin da jiki ya rasa shi ne bitamin B1, wanda ke cikin dusar da a ke zubarwa.

Ku 'yammata 'yan makaranta, ga naku. Tun 1954 akwai dokar abincin makaranta a Japan. A firamare yara ne ke sa farar riga da hula su raba wa junansu abinci, su ci a aji tare da malami, su kwashe kwanuka. Kafin a ci sai kowa ya ce itadakimasu, watau na karɓa da godiya. A kan kuma hore su kada su bar ko ƙwayar shinkafa a kwano. A 2013 hukumar UNESCO ta sa wannan al'adar abinci, da su ke kira washoku, cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Kada ku ce ba ta da aibi. Miso da ruwan waken da su ke ɗanɗana abinci da shi gishiri gare su ƙwarai, yawan gishiri kuwa yana jawo hawan jini da shanyewar jiki. Shi ya sa likitocinsu suka daɗe suna gargaɗi a rage.

Uwargida, ba sai kin nemo ciyawar teku ba. Abin ɗauka shi ne, ƙoshi daban, gina jiki daban. In kin tuƙa tuwo, ki dubi abin da zai raka shi: wake, zogale, alayyahu, gyaɗa, ɗan kifi ko busasshe ne. Kada surfe ya yi yawa. Shinkafar da aka turara kafin a cashe ta kuwa ta fi farar nan riƙe amfaninta. Ki sassauta hannu wajen gishiri, yara su tashi da lafiya.

Sai mako mai zuwa.