Cocin Germigny-des-Prés: Gyaran Gangar Auzinawa a Wani Ƙauyen Faransa

Ba wuta da yaƙi kaɗai ke hallaka tsohon gini ba. Wani lokaci mai gyara ya fi su ɓarna. Duk mai shakkar wannan magana, ya dubi abin da ya sami cocin Germigny-des-Prés, wani ƙauye da jama'arsa ba su kai dubu ɗaya ba, a kusa da kogin Loire, gabas da birnin Orléans na ƙasar Faransa.

An gina wannan coci a wajajen shekarar 806, wanda ya sa ake lissafa shi cikin mafiya tsufa a ƙasar. Mai ginin kuwa shi ne Theodulf, bishop ɗin Orléans, ɗan asalin Sifen, kuma ɗaya daga cikin manyan malaman fadar Sarki Shalman. Ya gina shi ne domin ibadarsa a gidansa na ƙauye, shi ya sa bai yi girma ba. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe kimanin mita 10, da ginshiƙai huɗu a tsakiya ɗauke da hasumiya, sannan kowace fuska tana da lungu mai siffar rabin da'ira. Bakunan da suka haɗa ginshiƙan suna da siffar kofaton doki, irin waɗanda ake gani a masallacin Ƙurɗuba, masana kuma suna danganta salon da ƙasar da Theodulf ya fito.

Abin da ya fi jan hankali shi ne zanen da ke rufin lungun gabas, wanda aka harhaɗa da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi da ruwan zinariya. Shi kaɗai ne irinsa da ya rage a Faransa daga wancan zamani. A gurbin da aka saba zana Almasihu, sai Theodulf ya sa aka zana Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila, wato Tabutun da aka ambata a Suratul Baƙara, mala'iku na kewaye da shi. Wannan ba ya rasa nasaba da muhawarar da ta raba kan Kiristocin lokacin game da girmama hotuna a wurin ibada, domin masana na ganin shi ne ya rubuta littafin da fadar Shalman ta bayyana matsayinta a kan batun. Ashe ginin kansa hujja ce da malami ya kafa da dutse.

Ginin ya rayu fiye da shekara dubu, duk da an rushe lungun yamma domin a ƙara wa masu ibada wuri, an kuma shafe zanen da farar ƙasa har aka manta da shi. A 1840 gwamnati ta sa shi cikin jerin farko na gine-ginen tarihi da za ta kare. To, a nan gizo ke saƙar. Tsakanin 1867 da 1876, masanin gini Juste Lisch ya rushe mafi yawan cocin ya sake gina shi yadda yake zaton ya kamata ya kasance. Ƙananan lunguna biyu na gabas suka tafi, adon bango na asali ya koma gutsattsari a gidan tarihi na Orléans. Lungun da ke ɗauke da zanen ne ya tsira.

Lisch bai yi da mugun nufi ba. Ra'ayin zamaninsa ya bi, wanda ya ɗauki gyara a matsayin kammala abin da magabata suka bari. Amma gyara daban, sakewa daban. Mai ziyara a yau zai ga gini tsaf, sai dai yawancin duwatsun ba su taɓa ganin Theodulf ba, kuma shaidar da mai bincike zai karanta a jikinsu ta tafi har abada. Duk wanda aka damƙa wa amanar tsohon gini, ya tuna cewa tsagewar bango ana iya ɗinke ta gobe, amma abin da aka rushe da sunan gyara ba ya dawowa.