Ibn Nafis da Hanyar Jini: Abin da Tsofaffin Littattafai Suka Adana

Tarihin likitanci da ake karantarwa a yau an gina shi ne a kan littattafan da suka tsira daga gobara da gara da yaƙi, waɗanda kuma aka yi dace wani ya buɗe su ya karanta, don haka wanda ya yi suna da gano wani abu ba lallai ne shi ya fara faɗarsa ba. Mas'alar yadda jini ke ratsa huhu kafin ya koma zuciya na daga cikin wuraren da wannan ya fi bayyana.

Tushen maganar yana wurin Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2, wanda ya koyar da cewa jini na tsallakawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa ɗakin hagu ta wasu ƙananan kafofi da ido ba ya gani a jikin shamakin da ya raba ɗakunan biyu. Wannan ra'ayi ya shigo Larabci ta hannun masu fassara na Bagadaza, musamman Hunain ɗan Is'haƙ, Kirista mutumin Hira da ya rasu a 873, wanda ya bar wasiƙa da ya lissafa littattafan Jalinus 129 a cikinta, tare da bayanin wanda ya fassara kowanne da kuma ingancin kwafin da aka dogara da shi. A ciki ya faɗi yadda ya bi ƙasashen Sham da Falasɗinu da Masar yana neman littafi guda, bai samu sai kusan rabinsa ba a Dimashƙu. Al'adarsa ita ce ya tara kwafi da yawa na littafi ɗaya, ya gwada su da juna, ya fitar da matani mafi inganci kafin ya sa alƙalami, kuma albarkacin irin wannan wahala ne kashin ƙarshe na littafin Jalinus kan feɗe jiki ya wanzu da Larabci bayan asalinsa na Girkanci ya salwanta.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tsara wannan ilimi a Alƙanun, kundi mai sassa biyar da Gerard na Cremona ya mayar Latinanci a Toledo a ƙarni na 12, aka buga Larabcinsa a Rum a 1593, jami'o'in Turai irin su Montpellier kuma suka riƙa karantar da shi har cikin ƙarni na 17. Ingancin tsarin littafin ne ya ba shi wannan daraja, kuma darajar ce ta ba kuskuren Jalinus tsawon rai, domin ba kowane ɗalibi ke iya ja da abin da manya biyu suka haɗu a kai ba.

Wanda ya ja da su shi ne Ala'uddin Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a asibitin Nuri na Dimashƙu, ya koma Alƙahira ya zama jigon likitocinta, kuma masanin fiƙihun Shafi'iyya ne. A wajajen 1242 ya rubuta sharhi a kan sassan Alƙanun da suka shafi tashrihi, wato ilimin ƙirar gaɓoɓin jiki da yadda suke haɗe, inda ya musanta kafofin nan ƙarara, ya ce shamakin zuciya kakkaura ne babu ƙofa a jikinsa, ta fili ko ta ɓoye. Jinin ɗakin dama, a cewarsa, dole ne ya bi ta jijiya zuwa huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ta wata jijiyar zuwa ɗakin hagu. Abin lura shi ne ya ambata a gabatarwar sharhin cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa, wanda ya sa masana suke ta muhawara kan ko hujjar hankali kaɗai ce ta kai shi ga wannan matsaya. Da ya rasu a 1288 ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina.

Sharhin bai ɓata ba, an ci gaba da kwafarsa, amma masu rubuta tarihin likitanci a Turai ba su san da wannan magana ba, suka jingina ta ga Michael Servetus, wanda ya faɗe ta cikin littafin tauhidi a 1553, da Realdo Colombo a 1559, kafin William Harvey ya bayyana zagayen jini gaba ɗaya a 1628. Labarin Servetus kansa darasi ne kan raunin takarda, domin an ƙone shi a Geneva tare da littafinsa, kwafi uku kacal suka rage, a Faris da Vienna da Edinburgh. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar mai karatu a Jamus, Muhyiddin Attaɗawi, ya ci karo da rubutun Ibn Nafis a babban ɗakin karatu na Berlin, ya gina kundin digirinsa a kansa, daga baya Max Meyerhof ya fitar da matanin tare da fassara. Ko maganar ta isa kunnen Servetus ko Colombo, wannan ba a tabbatar ba. An dai san Andrea Alpago, wanda ya daɗe a Dimashƙu, ya fassara wani sashe na sharhin Ibn Nafis da ya shafi haɗa magunguna, aka buga a Venice a 1547. Masu gaggawar cewa satar fasaha aka yi sun zarce abin da takardun suka nuna, kamar yadda masu shafe sunan Ibn Nafis suka gaza kaiwa ga abin da takardun suka nuna.

Wannan al'ada ta rubuta ilimin ɗibbu da Larabci ta iso ƙasar Hausa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa ƙananan littattafai kan ciwon ido da basur, baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Masalihul Insan kan abin da ke gyara addini da jiki. Lokacin da Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, likita na cikin abubuwan da Bello ya nemi a aiko masa daga Ingila. Irin waɗannan rubuce-rubuce suna nan a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da tarin littattafan Waziri Junaidu a Sakkwato, John Hunwick kuma ya lissafa da yawa daga cikinsu a kundinsa na 1995 kan rubutun Larabci na wannan yanki. Wasu kuwa suna cikin gafaka a gidajen malamai, ganye-ganye ba ɗinki, inda mai kwafa kan rubuta sunan itace ko saiwa da ajami a hashiya kusa da kalmar Larabci, don wanda zai haɗa maganin ya san abin da zai nemo a daji ko a kasuwa.